Wa Yake Rage Rediyo a Motar Autana?

Anti, don girman Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfin kaina. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce take rubutawa ina faɗa, na kuma ce kada ta gyara min ko kalma ɗaya.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne. Shekara talatin da wani abu yana ɗaukar ƙwai daga gonar kaji yana rabawa kantuna, a wata farar motar kaya mai rufi, irin mai ƙofar da ake ja a gefe. Da ya rasu, bana shekara biyu, autanmu ya gaji motar da aikin. Duk Talata shi yake kai ni asibiti a duba min gwiwa, ni a gaba, ƙwai a baya.

To akwai wata kwana a hanyar, in an wuce babban tankin ruwa, sai an karya sitiyari hagu sosai sannan a kama hawa. Baban yara bai taɓa shiga kwanar nan bai rage rediyo ba. Wai a hawan nan ne inji yake gaya masa gaskiyar lafiyarsa. Ko ina tsakiyar magana sai ya ɗaga min yatsa, ni kuma in ce to likitan ƙarfe, a gama auna ta lafiya. Har mu kai sama ba mai ko tari.

Auta ba haka yake ba. Kiɗa ne tun daga ƙofar gida, hannu kullum a kan rediyo. Ran nan ya sunkuya neman tasha ya faɗa rami, ƙwai suka tarwatse, kwana uku motar tana ƙarni. Shi ne ya je wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, aka sa masa wani sitiyari mai maɓallai a jiki, ka danna da babban yatsa murya ta ƙaru, ka danna ta ragu, ba sai ka saki hannu ba. Motar tsohuwa ce, ba a yi ta da wannan ba. Yini guda suka yi suna jan wayoyi, har da wani ɗan akwati da suka cusa a bayan rediyon.

Talatar farko muna shiga kwanar nan sai kiɗan ya yi ƙasa. A hankali, kamar mutum ne yake murɗawa. Ina kallon hannayen Auta, duk biyun suna can saman sitiyari. Ya ce Mama ke kika taɓa? Na ce da wane hannun, ina riƙe da sanda da jaka? Talata ta biyu haka, ta uku haka. Shi dariya yake, wai aikin mai wayarin ne. Ni ban yi dariya ba.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ba ni baban yara ne, na fara gaishe shi. Da farko a zuci, daga baya a hankali, in juya fuska wajen taga in ce sannu da aiki Malam. In ba shi labarin jikarmu ta yi haƙori, rufin kicin ya fara yoyo. Har zanen da yake so nake ɗaurawa ran Talata. Da Auta ya ce zai mayar a gyara, na ce ya bari, kunnena ma ya huta.

Watan jiya muka biya garejin a canja ƙwan fitila. Auta ya tsallaka titi sayo ƙwan, ya bar ni a ciki, inji a kunne saboda iska. Mai wayarin ya zo gaishe ni, mutum ne mai surutu. Na yaba masa sitiyarin, sai ya ce ai Mama sa'a aka yi, motar da aka ciro shi gabanta duk ya murƙushe, shi kaɗai ya fita lafiya, mai ita ko asibiti bai kai ba. Sai ya kama baki, ya roƙe ni kada in gaya wa Auta, don ce masa ya yi tsohuwar mota ce kawai.

Da ya tafi na zuba wa sitiyarin ido. Maɓallin ƙarawa sabo fil. Na ragewa kuwa fentinsa ya goge, har ya yi ɗan rami daidai cikin yatsa. Ashe shi ma mai shi ɗin mai rage murya ne. Anti, wa nake ta gaisarwa duk watannin nan?

Ina cikin wannan tunani, mota a tsaye, ba kwana ba komai, ni kaɗai, sai rediyon ya fara yin ƙasa. Ban gaisa ba. Bai tsaya inda ya saba tsayawa ba, ya ci gaba har ya yi tsit.

Talatar da ta wuce kuma, a cikin kwanar, wani mai keke ya gitta. Auta ya danna hon, hon ya ƙi. Birki ne ya cece mu. Muna miƙewa ya sake dannawa, ya yi ƙara lafiya lau. Ya ce sai ya samu sarari zai kai, tunda Mama ta ce a bari.

In na faɗa, zai san na ɓoye masa, kuma 'ya'yana za su ce tsufa ya taɓa ni, ina hira da rediyo. In aka cire sitiyarin kuma ashe babansu ne, ni na kore shi. In aka bari kuma wancan mamacin mai sitiyarin ne, kullum yaron nan sai ya shiga kwanar nan da shi. Ya zan yi?

Tsohuwa Mai Ciwon Gwiwa

AMSA

Mama, Allah ya jiƙan Malam, ya ƙara miki haƙuri. Ban ga alamar ruɗewa a wasiƙarki ba. Wadda ta lura da fentin maɓalli hankalinta garau yake.

Na kai maganarki wurin wani tsohon mai wayarin. Ya ce a cikin wuyan sitiyari akwai wata waya shimfiɗaɗɗiya kamar zirin kaset, a naɗe, tana warwarewa tana komawa duk lokacin da aka juya. Ta nan saƙon maɓallan yake bi, ta nan na hon yake bi. In aka ɗaura ba a daidaita naɗin a tsakiya ba, ko ta riga ta ji jiki a hatsari, to babbar kwana ce take jan ta. Sai rediyo ya ɗauka an danna, hon kuma ya ɗauke. Na ranar gareji, ya ce girgizar inji tana iya sa wayar da ta fara cinyewa ta taɓa. Ni ban ga motar ba, ba zan rantse miki ba. Amma hon da ya ƙi a gaban mai keke ba ya bukatar dogon bincike.

Na san abin da gyaran zai raba ki da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Shekara biyu kina neman inda za ki ajiye labaran gida, kika samu a kwanar nan. Sai dai mutumin da ya shekara talatin yana sauraron inji don ya kai ku gida lafiya ba zai so a bar ɗansa da hon mai ɗaukewa saboda shi ba. Wancan bawan Allah kuma addu'a ce tsakaninku da shi. Ki yi masa, ki huta.

Ki zaunar da Auta yau ɗin nan, kada ki jira Talata. Ki gaya masa daga inda sitiyarin ya fito. Alkawarin mai wayarin bai hau kanki ba, tun farko shi ya kamata ya faɗa. Ki janye maganar a bari da bakinki, don ita yaron yake wa biyayya. A kai motar wurin wani daban, a sa sabuwar wayar, a gwada hon, sitiyari a karye hagu da dama har ƙarshe kafin ta sake ɗaukar ƙwai ko ɗaya.

Maganar gaisuwa kuwa, ki gaya masa ita ma. Wataƙila ya yi dariya, wataƙila ya yi shiru, don shi ma ubansa ne ya rasa, kuma a kujerarsa yake zama kullum. Allah ya tsare muku hanya, ya ba gwiwa lafiya.