Alkawarin Robar Wuya

Umma,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko kina raye ma cewa za ki yi in karanta miki, tabaranki ya ɓata. Amma tunda muka dawo da Baba daga asibiti wata magana ta tokare min ƙirji, kuma ban da ke ba ni da wanda zan faɗa wa.

Gida lafiya. Mun tare a Gwallameji, ko filasta ba a gama ba. Takwararki ta shiga makaranta, ta ɗauko bakinki tsaf, ba a kayar da ita a magana.

Baba ne ya kwanta bayan ƙaramar sallah. Cuta ta shiga jininsa, jijiyoyin hannunsa suka ɓace, a soka nan a soka can har hannun ya yi baƙi. Sai likita ta ce dole a saka masa robar wuya. Umma, sai na hau salati.

Ai kin san dalili. Ke kika yi jinyar Maman Talatu maƙwabciyarmu. Aka zura mata siririyar robar nan ta jijiyar wuya, aka tura ta layin hoton ƙirji don a ga inda bakin robar ya tsaya, ta cika kafin layi ya zo kanta. Tun ranar kika ce robar ce ta kashe ta. Da naki ciwon ya tsananta, kika damƙe hannuna kika sa na yi miki alkawari ba zan bari a taɓa wuyanki ba. Na kuwa yi. Likitanki ya fara min bayani na katse shi, na ce mun gode, a ci gaba da neman jijiyar hannu. A lokacin gani nake babu 'yar da ta kai ni biyayya.

To, Baba sai ya kafe, wai abin da matarsa ta ƙi shi ma ya ƙi. Kin san halina, naki ne. Allah ya yafe min, na ɗaga masa murya a gaban mutane. Na ce shi ban yi masa alkawarin komai ba, kuma wallahi ba zan sake naɗe tabarma in kwashi kwanuka in koma gida ba tare da mai su ba. Ni kaina sai da na ji kunya.

Likitar 'yar kudancin jiha ce, kowa "kai" take ce masa har ni. Ba ta ja da shi ba. Ta jawo na'urar sikanin irin wadda ake duba masu ciki, ta ɗora masa a wuya, ta juyo allon ya ga jijiyarsa da idonsa. Ta ce ba za ta ɗiga masa magani ba sai ta tabbatar inda bakin robar ya tsaya, kuma a nan kan gadonsa za ta duba, ba inda za a tura shi.  Kin san shekarun da ya kwashe yana aikin bututu a dam ɗin Gubi. Can sai ya ce ashe su ma suna gwaji kafin su saki ruwa. Ya yi bismillah ya juya wuyansa.

Ina tsaye aka gama. Ta mayar da na'urar daidai ƙahon zucinsa, sai ga zuciyar Baba a allo tana motsi. Nas ta kaɗa ruwan gishiri tsakanin sirinji biyu har ya yi kumfa, ta tura ta cikin robar. Nan take wani fari ya watsu cikin zuciyar, kamar an zuba madara a shayi. Likitar ta ce shi ke nan, roba tana wurinta. Da kumfar ta yi jinkirin fitowa, da ta san bakin ya kauce sai a gyara. Ta duba ƙirjin dama da hagu ta ce huhu lafiya, aka rataya magani. Duka-duka bai kai dafa shayi ba.

Da ban yi tambaya ba da ya fi min. Na tambayi nas ɗin yaushe aka fara haka. Ta ce ai an daɗe, tun kafin shekarar da kika kwanta, kuma a wannan ɗakin ma. Umma, wannan ne bayanin da likitanki ya so yi min? Da kin ga allon nan, da kin yarda? Ke da ba kya gaskata komai sai abin da idonki ya gani?

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa, ni ma na faɗa wa wasu a gidan makoki. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Baba ya warware, har yana takawa masallaci da sandarsa. Jiya bayan la'asar na kai masa kunu, na same shi yana shafa ɗan tabon da ke wuyansa. Bai dube ni ba. A hankali ya tambaye ni, ba da faɗa ba, me ya hana ni ɗaga wa uwata murya kamar yadda na ɗaga masa.

Na ajiye kofin na fita.  Me zan ce masa, Umma? Da na karya alkawarin, na san za ki yi fushi da ni, wataƙila ki yi wata guda ba ki amsa gaisuwata ba. Wallahi da na ɗauki wannan fushin hannu biyu.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a inda babu jinya. Ki huta lafiya.

'Yarki da ta cika miki alkawari,
Bilkisu