Minti Huɗun da Na Hana a Tsallake

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa kin sake tayar da rigima a gidanmu, shekara tara bayan mun raka ki makwanci.

Kin tuna kaset ɗin bikin Gwaggo Tani a Dogon Kiriya, wanda Kawu Dodo ya ɗauka da kyamarar da ya zo da ita daga Abijan? Na tsince shi a ƙasan akwatinki, hunhuna ta fara cinsa. Na kai shi Dogon Dutsi wurin wani mai gyaran telebijin da ke juye tsofaffin kaset a faifai. Ya duba ya ce zaren ya ruɓe, sau ɗaya kawai zai iya bi ta cikin na'ura. Abin da aka kama an kama, abin da aka tsallake ya tafi har abada.

Autanki Sani ya ji labari, ya rufe shagonsa ya biyo ni. Ba za ki gane shi ba yanzu, Inna. Gemu ya kai ƙirji, wando ya gudu daga idon sawu. Bai taɓa ganin kaset ɗin ba, amma ya ji abin da ke ciki. Tun a ƙofa ya ce mini, "Yaya, in an zo wurin gogen nan a tsallake. Mu rufa wa uwarmu asiri."

Na ce masa ban san kina da asirin da ya tonu ba. A gaban gari guda kika yi rawarki, da rana tsaka.

Ba na raina karatun Sani. Littattafan da ya karanta na karanta, har da waɗanda yake hana mutane karantawa. Amma na ga goshinki a ƙasa kowace asuba, na ga kin kai azumi kina daka, na kuma ga kin miƙe duk ranar da aka taɓa kiɗan Doguwa ta 'yan bori. Mace ɗaya ce ta yi duka. Hisabinki yana wurin Allah, ba a ɗora shi a kan mai gyaran telebijin ba. Ke ce kike cewa, wanda ya ji kunyar tukunyar da ta dafa masa tuwo, sai ya kwana da yunwa.

Aka kunna. Hoto yana rawa, launi ya koɗe, ga matattunmu suna cin shinkafa. Sai mai goge ya juya kiɗa. Sani ya ce, "Tsaya nan!" Na dafa hannun mai gyara na ce in ya taɓa maɓallin nan, ni da shi ne.

Kika taso, Inna. Ƙafa ba takalmi a cikin yashi, kallabi ya zame ya faɗi, ba ki ko waiwaye shi ba. Da kika juya baya sai ga goyo: wani ɗan jariri mai sanƙo, kai yana lilo, yana ɓaɓɓaka dariya ba haƙori ko ɗaya.

Na ce wa Sani, "Malam, in an yanke ta, da kai za a yanke."

Ya kalli minti huɗun rawar nan har ƙarshe, ya sa takalminsa, ya ce faifan ba zai shiga gidansa ba.

Shi ke nan, gidansa ne. Na sa an buga bakwai, kowane ɗa naki da nasa, ba a rage ko tari ɗaya ba. Shida sun shiga hannun masu su. Na Sani yana cikin akwatinki, inda kaset ɗin ya kwanta. Na rubuta a kansa: Sani da Innarsa. Ya san inda makulli yake.

Allah ya gafarta miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya zuciyar autanki.

Ni ne ɗanki na fari, wanda kunya ta hana ki kiran sunansa,
Ɗan Inna