An kira ni koyarwa a Thailand, amma ba wanda ya san ajina

Anti Kerubo,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Talata ta sama, domin ranar jirgina zai tashi. A gida kuma babu wanda zan iya buɗe wa baki.

Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata a Bungoma, ko in ce da can, tunda na ajiye aikin. Shekara shida ina jiran gwamnati ta ɗauke ni, ina koyarwa a kan ɗan abin da kwamitin makaranta ke ba mu, wanda ko tsakiyar wata ba ya kai mutum. Na gaji, Anti, gajiyar da ba ta jin barci.

Wata huɗu da suka wuce ƙawata Khayanga, wadda muka yi kwalejin horon malamai tare, ta tafi Thailand koyar da Turanci. Bayan wata biyu ta rubuto cewa makarantarsu na neman ƙarin malamai, ta ba da sunana. Sai wani Mista Makokha ya kira ni daga Nairobi, ya ce jirgi nasu, masauki nasu, ko sisi ba zan biya ba. Ranar har rawa na yi a ɗakin malamai.

Da ya kira ni ganawa, na shirya darasi na minti arba'in, har da alli a jakata kamar wata sabuwar shiga. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bene na biyar, ba allon suna. Takardun karatuna ko buɗe su bai yi ba. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta yana duba agogo, wai ya ga saurin hannuna wajen buga rubutu. Ya ɗauke ni hoto a tsaye, gaba da gefe. Ya tambaye ni ko na iya jan hira da baƙo a waya. Na ce a raina ƙila haka tsarinsu yake, kowace ƙasa da irin nata.

Amma ga abin da ya tsaya mini a wuya. Kin san mu malamai, ba mai shiga zangon karatu bai rubuta tsarin darussansa ba, mako bayan mako, shugabar makaranta ta duba ta sa hannu. Ni kuwa har tsokanata ake yi a kan wannan, wai ina gama nawa tun ana hutu don in kunyata mutane. Na sayi sabon littafi na ja layuka, na tambayi Mista Makokha aji nawa zan ɗauka, shekarun yaran nawa, wane littafi suke karantawa. Karo na farko ya ce zai turo. Na biyu ya ce makaranta na hutu. Na uku ya yi wata dariya da ban so ba, ya ce, “Malama, tambaya ta yi miki yawa. Waɗanda ba sa tambaya sun fi jin daɗin wurin nan.” Har yau littafin nan layuka ne kawai, ko sunan makarantar ban samu na rubuta a bango ba.

Sannan akwai maganar yawo. Ya ce kafin mu fara aiki za a zagaya da mu mako biyu mu ga ƙasa, kyauta ce daga makaranta. Kwana biyu a Bangkok, daga nan mota ta ɗauke mu tafiyar wuni guda zuwa wani gari a bakin kogi, kan iyaka. Bizar da aka yi mini ta 'yan yawon buɗe ido ce. Ya ce a filin jirgi kada in kuskura in ambaci koyarwa, in ce hutu zan je. Direba kuma shi zai riƙe mana fasfo, wai kada su ɓata a hanya.

Na koma wajen Khayanga ta waya. Wannan mace ce da take iya cinye katin waya a kan labarin kitso, amma tun da ta tafi ban ji muryarta ba, sai rubutu, layi ɗaya ko biyu. Na tambaye ta littafin da take koyarwa da shi, ta ce in zo kawai zan gani. Makon jiya ta rubuto, “Kin riga kin ajiye aikinki?” Na ce e. Na ga tana rubutu, saƙo ya shigo, kafin in buɗe an goge shi. Bayan kwana biyu sai ga wani, wai Allah ya kawo ni lafiya.

To ina zan sa kaina? Ɗalibaina sun yi mini waƙar bankwana. Na zagaya dangi daga Webuye har Kimilili. Kawuna Situma, wan mahaifiyata, ya yanka mini zakara, ya sa mini albarka a gaban kowa. A coci an tsayar da ni gaba an yi addu'a. Mahaifiyata ba wanda ba ta gaya wa ba a kasuwa. Da na ɗan taɓo mata cewa zuciyata ba ta kwanta ba, sai ta ce kazar da aka ci ba ta komawa akurki, tsoron jirgi ne kawai irin na 'yan ƙauye.

Ina tsoron tafiya, ina kuma tsoron a ce ga wadda ta yi bankwana ta ƙare a tashar mota. Ko dai ni ce nake zargin alheri?

Malama mai jaka a ɗaure, Bungoma

*

'Yata,

Kada ki hau jirgin nan ranar Talata. Na sa wannan a gaba don ko ba ki karanta sauran ba.

Ban ga laifinki ba. Shekara shida ana jira ba wasa ba ne, kuma gaskiya ne akwai 'yan ƙasarmu da ke koyarwa a can, a makarantu na ƙwarai, suna rufa wa iyayensu asiri. Mai yiwuwa ma Mista Makokha dillali ne kawai marar tsari wanda bai taɓa shiga aji ba. Na auna wannan duka. Amma makaranta ta gaskiya tana da suna, tana da lambar waya, tana ba da takardar yarjejeniya, kuma tana so ta ga yadda kike tsayawa gaban yara. Wanda ya auna saurin yatsunki ya ƙyale iliminki, yatsun yake nema. An sha ba da labarin matasanmu da aka kai yankin nan da sunan aiki, aka tsallaka da su kogi, aka kulle su a gidaje masu katanga suna yaudarar mutane ta waya, wanda ya ƙi a buge shi. Ban rantse cewa can za a kai ki ba, amma mota zuwa kan iyaka, da fasfo a aljihun direba, da ƙarya a filin jirgi, hanyar ta yi kama da waccan ƙwarai. Idan kika yi ƙaryar nan da bakinki, ranar da za ki nemi ceto ke ce mai laifi a takarda.

Tambayar da ya ce ta yi miki yawa, aikinki ne ya koya miki ita, ki gode wa aikin nan.

Kada ki nuna wa mutumin nan kin gano wani abu, kada kuma ki sake zuwa ofishinsa ke kaɗai. Ki ce uzurin gida ya taso, za ki ɗaga tafiya, a turo miki sunan makaranta da yarjejeniya da bizar aiki. In na gaskiya ne za su turo, yaran ba za su tsufa kafin wata guda ba. In ya hau faɗa da barazana, ya ba ki amsa. Ki adana kowane saƙo, ki kai wa 'yan sanda da ofishin gwamnati mai kula da 'yan ƙasa mazauna waje.

Maganar kunya kuwa, ki fara da kawunki, ba da mahaifiyarki ba. Wanda ya sallame ki a gaban dangi shi ne zai iya cewa a gabansu shi ya hana ki, ba kuma mai ja da shi. Ki je wa shugabar makarantarku da kanki, kai a ƙasa. Malamar Turanci mai gama shiri tun ana hutu ba ta yawa a gari. Za a yi surutu a kasuwa, har a sa miki suna. Ki bar su, bakin mutane bai taɓa riƙe fasfon kowa ba.

Saura Khayanga. Kada ki yi fushi da ita, kada kuma ki rubuta mata zarginki, domin ban tabbata ita kaɗai ke karanta wayarta ba. Wanda aka tsare akan sa shi ya kira na kusa da shi. In ni ce na yi kuskure, kin rasa aiki ɗaya, za ki zage ni ki sami wani. In kuwa ban yi ba, to akwai wata uwa da ke zaune yanzu tana alfahari da 'yarta malama a ƙasar waje, kuma duk ƙasar nan ke kaɗai ce kika san abin da ya kamata a gaya mata. Ki je gidan su Khayanga gobe, kada ki jira Lahadi.

Allah ya tsare ki, ya dawo da ƙawarki gida da ƙafafunta.

Anti Kerubo