Idon Baba a Masaukin Ƙurɗuba

Arba wa Nus,
Alƙahira, Masar.

Zuwa ga Goggo Fatuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta ladabi da biyayya daga 'yarki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da dukan mutanen gida. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce, ya ja da ranki mu daɗe muna cin albarkarki. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya fara kankama. Abban Ilham ya gama jarrabawa yana jiran sakamako. Ilham kuwa ta yi wayo, bakinta ya cika da Larabcin Masar, ko tuwo ta ci ta ƙoshi sai ta ture kwano ta ce khalas, wato ya isa haka.

Goggo, na san labarin tafiyarmu ya iso miki guntu-guntu ta waya, shi ya sa na zauna in rubuto miki shi tun daga farko, Badamasi ya karanta miki a natse. Kin san yadda Baba ya iso mana nan: idon hagu ya daɗe da tafiya, na dama kuma ba ya ganin komai sai inuwa. Likitan da ya duba shi a unguwar Dokki, nan Alƙahira, ya ce jini ne ya taru a bayan idon, tantanin da ke kama gani kuma ya fara ɗayewa, in aka yi jinkiri shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ya haɗa mu da wani abokinsa, Dakta Osama, Bamisire da ya ƙware a irin wannan aikin, yana zaune a ƙasar Sifaniya, a garin Ƙurɗuba. Da Baba ya ji sunan garin sai ya sa aka maimaita masa. Duk shekarun da ya yi yana biya wa ɗalibai littattafan malaman Andalus a zaure, bai taɓa kawowa ƙafarsa za ta taka garinsu ba. Biza ta fito mana ni da shi, ta Abban Ilham ba ta fito ba. Haka na bar Ilham a hannun maƙwabciyata Afra, wata Basudaniya mai kirki, na kama hannun Baba muka hau jirgi, ni da ban san ko kalma ɗaya ta yaren mutanen ba.

Masaukin da Abban Ilham ya kama mana ta waya irin na masu ƙaramin ƙarfi ne, a tsakiyar tsohon gari. Mai tasi ya sauke mu a bakin wani lungu, ya nuna da hannu cewa mota ba ta shiga. Lungun nan, Goggo, in kika buɗe hannuwa za ki taɓa bango da bango, an shafe ko'ina da farar ƙasa, an jera duwatsu a ƙasa. Akwati a hannu ɗaya, Baba a ɗaya, har muka iso wata tsohuwar ƙofar katako da zaure mai duhu. A nan zuciyata ta fara karaya, na ce a raina araha ta kawo mu kango. Muna ɓullawa tsakar gida sai na tsaya cak. Tun daga ƙasa har saman bene, bangon nan huɗu a rufe yake da shuɗɗan tukwanen fure a rataye, ja da fari da ruwan hoda, ga itacen lemo a tsakiya, ga ruwa yana tsiyaya cikin wani kwanon dutse. Zaure, tsakar gida, ɗakuna a kewaye, wallahi tsarin gidanmu na Katsina ne sak, sai dai wannan an yi masa ado kamar amarya. Baba ya ja numfashi ya tambaye ni ko lambu muka shigo, don yana jin ƙarar ruwa da ƙamshin furen lemo.

Mai gidan wata tsohuwa ce, sunanta Enkarna, gajeriya mai farin gashi, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta nuna mana ɗakinmu can a ƙololuwar bene, matakalar siririya mai murɗewa, banɗakin kuma na haɗaka ne a ƙarshen baranda. Ta dubi matakalar, ta dubi Baba yana laluben bango da sanda, sai ta yi ta zuba magana tana kaɗa kai. Na miƙa mata waya ta fassara min, abin da ya fito shi ne, dattijon nan ba zai hau ba. Na ɗauka sallamarmu za ta yi, ga shi ban san kowa a garin ba. Ashe ɗakinta na kanta da ke ƙasa za ta buɗe mana. Ta shiga kwashe kayanta, ta sa min ɗan gado a lungun da take ɗinki, da labule tsakanina da Baba. Akwai gicciye irin na addininsu rataye a saman gadon. Ita da kanta ta dube ni, ta sauke shi, ta sumbace shi, ta naɗe a ɗankwalinta ta hau sama da shi. Da ta sauko kuma ta nuna min kusurwar da baƙinta 'yan Maroko ke fuskanta in za su yi salla.

Ba zan ce miki gidan ba shi da nasa ba. Bangon ɗakunan ba kauri, in wani ya yi tari a sama sai kin ji, ruwan zafi kuma sai wanda ya riga. Ƙararrawar coci na bugawa kowace awa, da farko tana firgita ni, daga baya Baba ya mayar da ita agogonsa. Baƙin kuwa yawanci samari ne da 'yan mata masu yawon buɗe ido, kowa da jaka a baya. Amma da Enkarna ta gane ba ma cin naman alade, washegari sai ga ta da sabuwar tukunya da sabon kasko, ta ɗaura musu jan zare a mariƙi, ta ce ba wanda zai taɓa su sai ni. Kullum da safe za ta gasa burodi, ta shafa masa tumatir da man zaitun, ta kai wa Baba da kanta. Ta ji ina ce masa Baba, ita ma sai ta kama, alhali na tabbata ta girme shi.

Ana gobe za a yi aikin Baba ya ce in kai shi babban masallacin garin, wanda musulmin da suka yi mulki a can suka gina. Yanzu an mayar da shi coci, ba a barin kowa ya yi salla a ciki, sai dai a shiga a gani. Goggo, na zauna a Alƙahira, na ga masallatai manya da ƙanana, amma ban taɓa shiga wurin da ya ɗaure min harshe irin wannan ba. Ginshiƙan dutse ne jere, duk inda kika juya ba ki ganin ƙarshensu, kowanne ɗauke da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, ratsin ja da fari, sai ka ce gonar dabino ce ta koma dutse. Baba yana ta cewa in faɗa masa abin da nake gani, ni kuwa sai in fara in kasa. Da na kai shi gaban mihrabi na karanto masa ayoyin da aka rubuta da ruwan zinare a kewaye, ina fara aya yana ƙarasawa a hankali. Sai ya ɗora tafinsa a kan wani ginshiƙi ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce dutsen ya yi santsi ne saboda kafaɗun masu karatu da suka jingina da shi, ya yi musu addu'a a zuciyarsa, ya ce ko da aikin gobe bai yi ba, shi dai ya gode.

Dakta Osama bai ɓoye mana ba, ya ce abin rabi da rabi ne. Bayan aikin ya yi min bayani da Larabci cewa ya hura wata iska cikin idon, kamar kumfa, don ta danne tantanin ya koma mazauninsa. Sharaɗin shi ne Baba ya zauna fuskarsa na kallon ƙasa dare da rana, sai ɗan hutun cin abinci, kuma ba batun hawa jirgi sai iskar ta ɓace gaba ɗaya, don in aka yi sama da ita za ta kumbura ta kashe idon. Ya ce ma'alish, sai haƙuri, abin zai ɗauki makonni. Mu kuwa zaman ɗan lokaci muka kama ɗakin, ga shi bikin garin ya gabato, wanda ake buɗe gidaje jama'a su shigo kallon furannin tsakar gida, har a zaɓi wanda ya fi kyau. Duk wani ɗaki na garin an riga an kama shi, har wanda Enkarna ta koma a sama. Na ce mata zan nemi wani wuri ko a bayan gari ne. Ta karɓi wayar ta faɗa da ƙarfi, fassarar ta fito cewa ba a ɗaga mara lafiya daga inda ya kwanta. Ta shimfiɗa wa kanta gadon naɗi a ɗakin ajiya kusa da kicin, tsakanin buhunan dankali da tsintsiya. Ta naɗe tawul kamar gammo ta ɗora a bakin tebur, inda Baba ke kifa goshinsa yini guda, yana salla da ishara, yana tilawa ƙasa-ƙasa.

Daga baya wata baƙuwa mai jin Larabci ta sanar da ni cewa Enkarna ta yanke ba za ta buɗe gidanta a bikin bana ba, don kada hayaniya ta dami Baba, alhali shekara guda ta yi tana renon furannin nan, tana ba su ruwa ɗaya bayan ɗaya da gwangwani ɗaure a kan doguwar gora. Da na faɗa wa Baba ya ce sam bai yarda ba, in ba ta buɗe ba shi zai tashi ya bar gidan. Ta buɗe, amma ta tsaya a zaure da yatsa a kan leɓe. Goggo, da kin ga ikon Allah. Mutane layi-layi daga ƙasashe daban-daban, suna shigowa a kan yatsun ƙafa, suna raɗa, su kalli fure su fita, saboda wani dattijo Bakatsine da ba su sani ba yana kife a bayan labule. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Da likita ya yarda ya ɗaga kai, sai muka riƙa fito da shi tsakar gida da hantsi. Ganin ya fara dawowa ne daga sama, kamar ruwan randa yana ja da baya, ƙasa kuma duhun iskar na nan yana rawa. Abin da ya fara gani tsattsewa ce tana giftawa a sararin sama, ya yi kabbara har baƙi suka leƙo. Bayan kwanaki ya ga jan fure na can sama, sannan na ƙasa da shi, sannan saman ƙofa. Wata safiya na kawo masa shayi na durƙusa kamar yadda na saba, sai ya ce in ajiye in miƙe tsaye, kada in motsa. Na miƙe. Ya daɗe yana kallona, sai na ji ya kira sunanki, sunan nan da shi kaɗai ke kiranki da shi tun kuna yara. Ya ce rabonsa da fuskata tun ina siririyar amarya ana shirin kawo ni Masar, yanzu kuwa goshin nan da wushiryar da yadda nake karkata kai, ke ce tsaye a gabansa lokacin da kike goyon Badamasi. Hawaye suka zubo masa, ni ina kuka ina riƙe hannuwansa kada ya murza idon. Enkarna ta fito daga kicin da gudu, ta tsaya ita ma tana share fuska da gefen riga. Baba ya dube ta ya yi dariya cikin kukan, ya ce da jin muryarta ya ɗauka wata ƙatuwar mace ce, ashe 'yar mitsitsiya ce haka.

Ranar da za mu taho ta rako mu har bakin lungu, ita ke jan akwatin ta hana ni. Baba ya yi mata doguwar addu'a da Hausa, ba wayar da ta fassara, ta tsaya kanta a sunkuye har ya shafa. Ki sa ta a addu'arki, Goggo, Allah ya saka mata da mafificin alheri.

Yanzu muna Alƙahira. Baba yana zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa ba jagora, yana karanta manyan baƙaƙe da tabarau, ya ga Ilham har ya ce ta fi uwarta kyau. Likitan Dokki zai sake duba shi, in ya sallame shi zai taho gida kafin Babbar Salla in Allah ya yarda. Saƙo ɗaya ya ce in ba ki, ya kuma maimaita: kada Badamasi ya kira shi ta bidiyo, kada a turo masa hotonki a waya. Ya ce ya yi haƙurin shekaru, zai iya ƙara na 'yan makonni. So yake ya sauko daga mota ya same ki tsaye a ƙofar zaure, ya gan ki da idonsa.

Ki gaishe min da Kawu Gidaɗo da iyalinsa, da Yaya Illiyasu, da Badamasi mai karatun takarda, da Humaira da jaririnta, da ɗaliban Baba duka. Abban Ilham yana gaishe ki da kyau, Afra ma ta ce in isar da tata gaisuwar duk da ba ku san juna ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki 'yar, mai neman albarkarki kullum,
Mariama.