Yadda Aka Ƙidaya Matan Rimaye a Matsayin Hannu Ɗaya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tuntuɓar Jama'a kan Ayyukan Raya Karkara, shiyyar Kankia da Kusada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, Yallaɓai, ni ne Mubarak Lawal, haifaffen Rimaye, mai digiri a kimiyyar siyasa, wanda ka ɗora wa alhakin wayar da kan mutanenmu. Maƙasudina shi ne in fayyace yadda taronka ya tauye haƙƙin iyayenmu mata.

Na ɗaya. Da bakinka ka tabbatar mini cewa al'umma ce za ta zaɓi aikin da za a yi mata bana, na kuwa bi gida-gida da wannan alƙawari. Matan aure a wurinmu ba su zuwa zauren taro, kai ma ka sani. Don haka suka tattauna a gidan suna, suka yi ittifaƙi a kan rijiyar burtsatse, saboda ɗibar ruwa na cinye wa 'ya'yansu lokacin makaranta. Suka wakilta Gwaggo Saude, ƙanwar mahaifina. Ni na goya ta a babur har Kankia.

Na biyu. A zauren ka shelanta cewa ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma ɗaga hannu ne zai raba gardama. Samarin cikin gari, waɗanda sanarwa ta iske a wayoyinsu, suka mamaye kujeru, suka zaɓi gidan kallon ƙwallo. Gwaggo ta ɗaga nata hannun, aka ƙidaya shi ɗaya, daidai da na wanda ya shigo shan iskar fanka. Da ta miƙe za ta faɗi waɗanda suka aiko ta, aka ce lokaci ya ƙure.

Na uku. Buɗe ƙofa ga kowa abin yabo ne, amma a ilmance, idan ba a auna nauyin wakilci ba, maƙwabcin zaure ne ke mulkar na nesa. Yanzu matan unguwarmu "mai rijiya" suke kirana, Gwaggo kuma da ƙyar take amsa gaisuwata.

Ina neman a jingine wancan sakamako, a sake zama a Rimaye, a tura jami'a mace ta shiga gidaje ta ji daga bakinsu. Ina kuma jiran amsarka a rubuce kafin Juma'ar ƙarshe ta wannan wata, tun ba a ba da kwangila ba, domin a gaban matan zan karanta ta.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka sauke amana lafiya.

Wassalam.

Mubarak Lawal, Rimaye.