Lambar Ladidi Ta Ƙi Kamawa

Zuwa ga Yaya Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna?

Yaya, masu lambar agana, wato masu rigakafi, sun zo mana nan unguwar Sabo. Cikinsu akwai wani dogo mai farar riga, sai ka ce daga littattafan da kika bar mini ya fito. Bayan mako ya dawo duba lambar kowa. Ya ga tawa ta kumbura, ya ce, "Ta kama," ya wuce. Ko sunana bai tambaya ba.

Ladidi 'yar Kawu kuwa tata ta ƙi kamawa. Ya riƙe hannunta ya sake mata, yana dariya: "Malama Ladidi, fatar giwa gare ki?" Sau uku ke nan. Jiya na gan ta bayan ɗaki tana goge wurin da lemon tsami, wai don kada ta kama, dogon ya yi ta dawowa.

Ga agana ta shigo layinmu, ta kwantar da yara. Ya kamata in gaya wa Kawu, amma za a ce kishi ne. Kuma Yaya, wallahi da kishin.

Ki taya ni addu'a bakina ya buɗe kafin dogon ya dawo ran Alhamis. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Saude