Guɗar Inna Dije a Kan Makara

Zuwa ga Alhaji, furodusan fim mai dogon zangon da na yi wa kiɗa bana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Ranka ya daɗe, na kira wayarka har na gaji, na je ofishinka sau biyu an ce ka fita. Shi ya sa na rubuto a fili, ko da yake abin da zan faɗa ni ya fi tona wa asiri.

Na farko, ga yadda aka koya mini aikin nan. Maigidana da ya ɗora hannuna a kan fiyano ba ya taɓa maɓalli ko ɗaya sai ya karanta labarin fim tun daga farko har ƙarshe. Daga nan ya zauna da darakta su kalli abin da aka ɗauka, yana rubuta inda kiɗa zai shigo, da inda zai fita, da inda shiru ya fi. Kowane babban ɗan wasa a ba shi sautinsa, wannan sarewa, wancan gurmi. Sai an gama wannan ake shiga sutudiyo. Na san duk wannan, kuma na bar shi.

Na biyu, ga abin da ka ba ni. Ana saura 'yan kwanaki azumi ka turo mini takarda ɗaya ta waya. Babu labari, babu hoto, sai lambobin fitowa da 'yar magana a gaban kowace. Fitowa ta talatin da huɗu an rubuta: kai amarya, mata suna kuka. Na nemi in ga fim ɗin, ka ce babu lokaci, sauran masu kiɗa ma haka suke yi. Da na tsaya a kan bakata da ba a kai nan ba. Amma ina son sunana ya fito a fim ɗinka, sai na ce to.

Na zauna na tsara kiɗan. Na fara da sarewa a hankali saboda kukan rabuwa, sannan can tsakiya guɗa ta tashi. Guɗar da ke cikin na'ura ba ta yi mini ba, sai na tafi wurin Inna Dije. Maƙwabciyarmu ce a Tudun Wada, ita ta yi guɗa ranar da aka kawo mahaifiyata gidanmu, kuma daga nan har Kwangila babu matar da ba ta san muryarta ba. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba ta shiga harkar fim. Na yi ta lallashinta, na rantse mata cewa a kan amarya za a ɗora. Ta sa mayafinta, na ɗauko mana keke, ta tsaya gaban makirfo tana jin nauyi ta yi mini sau uku.

Na uku, abin da ya biyo baya. Daraktanka ya cire fitowa biyu ya sake jera lambobi, ba wanda ya gaya mini. Talatin da huɗu ta koma inda ake fito da gawar uban jarumar. Mai tace fim ya saurari farkon sarewa, ya ji ta dace da makoki, ya ɗora ya wuce. Haka aka saki shirin. Maza suna fitowa daga zaure da makara, Inna Dije tana rangaɗa guɗa a kansu.

A shagon aski na gani, a wayar wani, ana ta dariya. An yanko wurin ana turawa. Ban iya cewa ni ne ba, na tashi da rabin aski na fita.

Kwana huɗu ina zagaye layin su Inna Dije kafin na iya shiga gidanta. Na same ta tana tsince shinkafa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Ɗan nan, ni da na wanke gawar mata a unguwar nan ba adadi, yau ni ce mai yi wa mamaci guɗa?" Na durƙusa ina ba ta haƙuri. Daga baya na ji an gayyace ta wani biki, sannan aka aiko cewa ta yi zamanta, dangin ango sun ce ba sa son muryar a gidansu.

Ban ɗora maka laifin duka ba. Ni na je gidanta, ni na rantse a kan abin da ban gani da idona ba. Wannan kunyar tawa ce, ina ɗauke da ita. Amma shirin naka ne, kuma har yau yana nan ana kallo.

Don haka ina roƙon abu uku. A sauke wannan kashi a cire guɗar, zan yi wani kiɗan a madadinsa. A farkon kashi na gaba a rubuta cewa kuskuren namu ne, mai guɗar don amarya ta yi. Sannan kada ka ƙara ba wani mai kiɗa lambobi a takarda. Ka zaunar da shi ya kalli fim ɗin, ko da rana ɗaya ce.

Ina roƙon a yi na farko da na biyu kafin Asabar ta sama. Ranar za a kai ƙanwata ɗakinta a Dutsen Abba. Mahaifiyarmu ta aika wa Inna Dije goron gayyata, ta dawo da shi, ta ce ba za ta ɓata wa yarinya ranarta ba. Tun ranar mahaifiyata ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa wa sana'arka albarka, ya kare ka daga irin kunyar da nake ciki.

Wassalam.

Mai kiɗan fim ɗinka,
Tudun Wada, Zariya.